Manhajar Kowa: Daga Injin Buga Takarda Zuwa Ƙugiyar Haruffanmu

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa rubuta rahoton ƙarshen karatu a Maraɗi ya san abubuwa uku: kwamfutar gwanjo, Windows ɗin da mai gyara ya zuba ba lasisi, da kilen da ta kwaso birus a shagon fotokofi. Mun saba da su har muna ganin kamar haka kwamfuta take tun asali. To amma akwai wata hanya, wadda aka fara share ta sama da shekara 40 da suka wuce, kuma da yawa daga cikin masu sharar ɗalibai ne irinmu. Ita ce manhaja mai ƴanci, wadda a aji muke ji ana kira lojisiyal libir. A nan zan kira ta manhajar kowa.

Bari mu fara da ma'ana. Kowace manhaja tana da tushe, wato rubutun da masu ƙirƙira suka yi da hannunsu kafin a juya shi zuwa yaren inji. Kamfani kamar Microsoft yana sayar maka da abin da aka gama, ya ɓoye tushen, kamar mai kilishi da zai ba ka nama amma ba zai faɗa maka haɗin yajinsa ba. Ita manhajar kowa, da naman da haɗin yajin duk a faifai suke. Kana iya amfani da ita yadda ka so, ka karanta tushenta, ka gyara, ka kwafa wa maƙwabci, ba wanda zai ce ka yi sata.

Labarin ya faro ne daga injin buga takarda. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, wani mai rubuta manhaja mai suna Richard Stallman ya so ya gyara manhajar wani injin Xerox da ke yawan cije takarda, don injin ya riƙa sanar da mutane in ya cije. Ya nemi tushen, aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. Ran 27 ga Satumba 1983 ya yi shelar aikin GNU, wato gina cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba mai kulle shi. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Dabarar lasisin ga ita ce sharaɗi ɗaya: in ka ɗauki manhajar ka gyara, ka kuma raba wa jama'a, dole ka raba tare da tushen. Wanda ya sha daga rijiyar ba shi da ikon rufe bakinta.

Zuwa 1991 GNU ta tara kayan aiki da yawa, sai dai ba ta kammala ƙwayar tsarin ba, wadda ke haɗa manhaja da ƙarfen inji. Ran 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan ƙwaya don sha'awa kawai. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL, aka haɗa ta da kayan GNU. Linux ke nan. A 1993 wani ɗalibin, Ian Murdock, ya kafa Debian, wadda har yau ƴan sa-kai ke tafiyar da ita.

Amma fa Linux na wancan lokaci baƙin allo ne da rubutun umarni, sai gwanaye. Wa ya kawo tagogi da hotunan da ake latsawa? Ɗalibai dai. A 1996 Matthias Ettrich, ɗalibi a Tübingen ta Jamus, ya fara KDE. A 1997 samari biyu ƴan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME. Shi kuwa VLC, mai alamar mazubin nan ruwan lemo da kowa ke kallon fim da shi a garin nan, aikin makaranta ne na ɗaliban École Centrale ta Paris tun 1996, aka sake shi da lasisin GPL a 2001. Kun gani ke nan, da yawanmu mun daɗe muna aiki da manhajar kowa ba mu sani ba.

Daga nan kamfanoni suka shigo. A 1998 Netscape ta buɗe tushen manhajarta ta shiga intanet, daga cikinsa aka samu Firefox a Nuwamba 2004. Kamfanin Sun ya sayi StarOffice a 1999, ya buɗe tushensa a 2000, aka samu OpenOffice. Da Oracle ta saye Sun a 2010, masu aikin suka ji tsoron makomarsa, suka kwashi tushen suka kafa LibreOffice a Satumban shekarar. A nan ne amfanin lasisin ya fito fili: kamfani na iya sauya hannu, amma aikin yana nan hannun jama'a.

To ina Afirka a ciki? Ran 20 ga Oktoba 2004 aka fitar da Ubuntu na farko, da kuɗin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Sunan daga harsunan can ya fito, ma'anarsa ta yi kusa da abin da muke kira mutuntaka. Har zuwa 2011 suna aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa duk ƙasar da aka nema. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasa kamar Nijar, inda intanet ta shigo a shekarun 1990 ta layin SONITEL, wayar salula kuma ba ta bazu ba sai a shekarun 2000. A wancan zamani, sauke abin da ya cika faifai ɗaya a sibar aiki ne na kwana da kwanaki. A 2003 aka kafa FOSSFA, ƙungiyar manhajar kowa ta Afirka, a 2004 kuma masu harshen Faransanci suka yi babban taronsu a Wagadugu.

Abin da ya fi jan hankalin ƴan Afirka shi ne harshe. Tunda tushen a buɗe yake, ba sai ka jira izinin kowa ba kafin ka fassara. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Translate.org.za da Dwayne Bailey ya kafa a 2001 ta fassara OpenOffice zuwa harsunan ƙasar. A Tanzaniya, jami'ar Dar es Salaam ta fitar da Jambo OpenOffice da Sawahili a ƙarshen 2004. A Najeriya, a tsakiyar shekarun 2000, aka yi Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo. Sunan kansa "zo" ne sau uku: wa, zo, bia. Aikin bai yi nisa ba, kuma darasin a fili yake. Manhaja tana sabuwa kowane wata shida, fassarar da ba mai bibiyarta kuwa tsufa take yi, har ka buɗe allo ka tarar rabi Hausa rabi Turanci.

Akwai kuma maganar haruffa, wadda ta shafe mu kai tsaye mu masu rubutu. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 ta hanyar masu buga littattafai a Zariya. A 1966 taron UNESCO na Bamako ya duba daidaita rubutun harsunan yankinmu, da Hausa a ciki. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, inda muke rubuta ƴ, su kuma ƴan Najeriya su rubuta 'y. Duk da haka, allon madannan da ke hannunmu na Faransanci ne, ba ƙugiya ko ɗaya. Shi ya sa za ka ga an rubuta kasa, sai ka tsaya tunani: ƙasa ce ko kasa? Baki ne ko baƙi? Tsarin Unicode ya ba haruffan nan lamba tun farkon shekarun 1990, ƙungiyar SIL ta saki salon haruffa kyauta irin su Charis da Doulos da Andika, kuma a cikin Linux akwai tsarin madannai na Hausa da za ka zaɓa a saiti. In ma ba ka son canza madannai, a LibreOffice rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. Lambar ɓ 0253, ta ɗ 0257, ta ƴ 01B4. A rubuta su a bangon littafi.

Yanzu mu dawo gida. Maraɗi gari ne na fatauci tun zamanin da Katsinawa suka kafa shi a farkon ƙarni na 19, kuma hanyar da ta bi Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, da hanyar Kwatano da Lome, su ke kawo mana kaya, har da kwamfutoci. Galibinsu sun gama aikinsu a ofisoshin Turai kafin su iso. Jami'armu, wadda ta faro da cibiyar IUT a 2008 ta zama jami'a a 2010, yanzu mai sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta ƙara yawan masu buƙatar kwamfuta. Ga kuma kalandar da ba mu muka tsara ba: Microsoft ta daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ta kuma sa 14 ga Oktoba 2025 ga Windows 10. Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da tsofaffin injuna da dama ba su da shi. Ma'ana, injin da mahaifinka ya sayar da wake ko rago ya saya maka, lafiyarsa lau, amma an ce ya tsufa.

Irin wanga inji ne Linux Mint mai Xfce, ko Lubuntu, ko Debian ke tashi da shi. Ga wanda zai gwada, ga abin da waɗanda suka riga mu suka koya. Da farko, zaɓi fitowa mai dogon zango. Lambar Ubuntu shekara ce da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024, kuma na Afrilun shekaru masu cika biyu-biyu ana kula da su shekara 5. Na biyu, mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa. Halal ne, kuma kuɗin intanet ya ragu. Na uku, a zuba shi kan kile mai giga 8 da Rufus ko Ventoy, a tayar da injin daga kilen, a gwada sauti da wifi da madannai kafin a taɓa komai. Na huɗu, a kwashe takardu zuwa wani wuri tukuna, a kuma cika batir, don in wuta ta ɗauke ana tsakar raba faifai, aiki na iya lalacewa. Wanda bai shirya rabuwa da Windows ba yana iya ajiye su biyun a inji ɗaya. Birus ɗin nan mai ɓoye takardu a kile kuwa ba ya aiki a Linux. Sau da yawa za ka tarar da takardunka suna nan a zaune.

Gaskiya dai, akwai wahala. Wasu injunan buga takarda suna gardama. Takardar da aka tsara a LibreOffice tana iya ɗan gocewa a Word, don haka a kai wa mai fotokofi PDF. Wani malamin kuma zai ce shi sai manhajar da ya sani. Amma ɗalibin aikin gona da ke zana taswirar filayen noman rani na Jiratawa yana da QGIS, mai lissafin ƙididdiga yana da R, malamin makaranta a Tsibiri da ba shi da intanet yana iya ɗaukar Wikipedia a kile ta hanyar Kiwix.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Takarda ta faɗa, saura aiki. Harshen ƙasa yana buƙatar madannai, da mai gyara kuskuren rubutu, da allon da tsohuwa za ta iya karantawa. Ba lalle sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka sa hannu: fassara kalma goma a mako aiki ne, karanta jimloli a Common Voice na Mozilla, wanda ke tara muryoyin Hausa, shi ma aiki ne. Kakanninmu a makarantun allo da hannu suke kwafar littafi, almajiri ya ara ya kwafa ya mayar, wani ya ƙara sharhi a gefe. Manoma kuma sun san gayya. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan tafiya ba su girme mu ba lokacin da suka fara. Wanda ke da kile mai giga 8, ya zo da ita taronmu na gaba.