Shibra, 'yar'uwar gero da ta ƙi barin gona

Yau tarihin wata ciyawa na kawo muku, wadda duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, ya santa: shibra.

Gero dai asalinsa ciyawar daji ne. Masu binciken kayan tarihi sun samu alamar nomansa a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali, tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Mutanen da suka yi ta zaɓen zangarniyar da ba ta zubar da ƙwaya, har aka samu geron da muke fura da shi. To amma dangin nasa na daji ba su tafi ko'ina ba. Iska na ɗaukar bununin wannan ta kai wa wancan, sai a haifi shibra. Tana ƙarama ba ka bambanta ta da gero, ga saurin nuna, ga zubar da 'ya'ya tun kafin girbi. A shekarun yunwa kuwa ita ake fara ci kafin gero ya iso.

Me ya sa na tono wannan zance? Saboda abin da ya faru a Amurka. A wajen 2002 aka baza wa manoma wata shinkafa mai suna Clearfield, wadda maganin ciyawa ba ya kashe ta, don a fesa gona jar shinkafar daji ta mutu, ta gida ta tsira. Cikin 'yan shekaru sai biyun suka yi barbara, ta dajin ta gaji juriyar. Aka fesa, ta ƙi mutuwa.

Ku lura fa, shinkafa ba ta cika barbara da wata ba. Gero kuwa aikinsa ke nan. Don haka ni a ganina, ranar da aka kawo mana geron da feshi ba ya taɓawa, shibra ce za ta fara cin gadonsa, manomi ya yi asarar kuɗin iri da na magani.

Dabarar iyayenmu tana nan: a tuge shibra kafin ta yi bununi, a zaɓi iri daga zangarniya mai kyau.

A garinku yaya ake da ita? Ku faɗa mana. Mu kwana nan.