Makarantar kwana ce ta ɗaga ɗan manomi

Tun da na ajiye alli nake jin matasan jami'an ilimi suna alfahari da yawan azuzuwan da aka gina a ƙauyuka, sai ka ce bulo ne ke koyar da yara. Mu kuwa mun ga zamanin da yaron da kansa ake kashe wa kuɗi.

A 1977, lokacin mulkin Kanar Sani Bello, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda kudancin Najeriya ya yi mana fintinkau, likita ko injiniya ɗan Kano sai an tona. Jarrabawa ake yi wa 'yan aji biyu a tsamo masu ƙwaƙwalwa, ba ruwan kowa da ɗan wane ne kai. Yaro daga Bichi ko Ɗambatta, wanda hatsin gidansu ba ya kai su kaka, zai zo da akwatinsa fayau. Gado da abinci da littattafai duk na gwamnati ne.

Dattijon da ya raine ni a aikin, Allah Ya jiƙansa, in aka dawo daga hutu ya ga gado babu mai shi, ba ya rubuta wasiƙa. Babur yake hawa har ƙauyen, ya iske yaron a gona yana cirar gyaɗa, ya tuɓe takalmi ya zauna kan tabarmar uban, ba ya tashi sai ya goyo ɗalibinsa. Tun guguwar shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) ta 1976 yake gaya mana cewa tara yara ba wuya, riƙe su ne aiki.

Da tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, sai tukunya ta fara raguwa, aka karkata ga jeka-ka-dawo. A birni wannan ba laifi, ga malamai, ga masu kuɗin darasin yamma. A karkara kuwa, malamin da aka turo a birni yake kwana, ɗakin gwaji babu ko kwalba, yaro ya tashi daga aji ya wuce noma. Wannan ne yake ci mini rai.

Na yi murna da dokar ta-ɓaci kan ilimi da Kano ta ayyana a 2024. Amma in ana son ɗan Makoɗa ya kamo ɗan Nasarawa ta cikin birni, a ciyar da shi, a kwanar da shi, a zaunar da malaminsa kusa da shi. Mun gwada a da, kuma likitocin da muka yaye suna nan a asibitocinmu.