Furen da Ya Tashi Daga Kan Kati

Wanda ya fara ganin furen wardi na takardar Pergamano a kan kati yakan kai hannu ya taɓa, don ya tabbatar ba yadi ba ne. Ganyayen furen shara-shara ne, bakinsu fari sol, kuma ba fenti ya kawo farin ba. Danna takardar aka yi daga baya da ƙarfe mai kan ƙwallo, har zaren da ke cikinta ya miƙe, iska ta shiga tsakaninsa, wurin ya koma fari. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan sana'ar.

Sunan ya samo asali ne daga Pergamon, tsohon birnin da yanzu ake kira Bergama a Turkiyya, wanda ya shahara da fatar rubutu. Fata ce ta tumaki, awaki ko maraƙi, amma ba jima ake yi mata ba kamar yadda majema suka saba. A ruwan farar ƙasa ake jiƙa ta, a ɗaure ta a katako, a kankare, ta bushe a miƙe. A ƙarni na 15 da na 16, masu zaman zuhudu a Turai sun riƙa huda ta suna yanka mata ado kamar leshi a gefen hotunan ibada. Da Sifaniyawa da 'yan mishan na Katolika suka ƙetara zuwa Kudancin Amurka, sai suka tafi da sana'ar.

A Kolombiya ta samu gindin zama. 'Yan mata sukan koye ta don yin katunan bikin karɓar jibi na farko a coci, har yau kuma a ƙasashen yankin ana kiranta aikin katin Sifaniya. Turai kuwa ta kusa mantawa da ita, sai da wata 'yar Kolombiya, Martha Ospina, ta koma Holan da zama a 1986. Ita da Tiemen Venema suka kafa tambarin Pergamano, suka fito da tawada, allurai da littattafan zane, suka kuma horar da malamai. Daga nan sana'ar ta bazu zuwa Ingila, Ostareliya da Japan.

A lokacin, katin a shimfiɗe yake. Za a zana da farar tawada, a danna, a huda da allura mai baki biyu ko huɗu, sannan a yanke tsakanin ramukan da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa. Da hannaye suka ƙware, masu aikin suka lura cewa takardar da aka danna ba ta komawa yadda take. Tana riƙe lanƙwasarta kamar ƙoƙo. To me zai hana a yanke ganyen furen, a ɗaga shi daga kan katin?

A nan aikin ya ƙara wuya, ya kuma ƙara daɗi. Takardar kati takan kai giram 150 a kowane murabba'in mita, amma don fure da yawa sun fi son mai giram 90, saboda tana naɗuwa ba tare da tsagewa ba. Ana shafa launi a bayanta da alli mai maiƙo da ɗigon mai, yadda zai fito a gaba a dushe. Sai a ɗora kowane ganye a kan tabarmar roba mai taushi, a fara da babban ƙwallo, a zagaya a hankali, a bar takardar ta huta, sannan a dawo da ƙarami. Mai gaggawa zai ji wani ɗan ƙas, ya tarar da tsaga a tsakiyar ganyen. Gumin hannu ma yana sa ta tattare, shi ya sa ƙwararru ke shimfiɗa kyalle a ƙarƙashin tafinsu. Ganyayen ciki ana naɗe su a jikin allura, na waje a buɗe bakinsu, a manne su da gam ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan kati ba ya shiga ambulan. Akwati ake yi masa.

Daga baya kamfanin Claritystamp na Barbara Gray a Ingila ya kawo farantan Groovi masu zane a sassaƙe, ya kuma karɓi tambarin Pergamano. Farantan sun buɗe wa dubban sababbin hannu ƙofa, kuma wannan abin yabo ne, ko da wasu tsofaffin malamai na ganin an rage wa zanen hannu daraja. Sai dai farantin iyakarsa ya ba da layi. Lanƙwasa ganye da jera shi har ya zama wardi, wannan yana nan a wuyan mai riƙe da ƙwallon, kuma fure ɗaya yakan cinye mata yamma guda.