Ibrahim Abatcha: Akawun da Ya Rubuta Manufar Tawayen Chadi

An haifi Ibrahim Abatcha a 1938 a Fort-Lamy, birnin da aka sauya wa suna zuwa N'Djamena a 1973. Asalin iyayensa daga Borno ne. Ya iya Faransanci da Turanci da Larabcin Chadi, ya kuma fara aiki a matsayin akawu a gwamnatin mulkin mallaka, inda ya shiga gwagwarmayar ƙungiyar ƙwadago.

A ƙuri'ar raba gardama ta 1958, yana cikin 'yan tsirarun da suka nemi Chadi ta bi sahun Gini, ta ƙi zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Su ne suka kafa jam'iyyar UNT. Bayan samun 'yanci a 1960, Shugaba François Tombalbaye ya haramta jam'iyyun adawa a 1962, sai Abatcha ya yi gudun hijira zuwa Gana.

Accra ta zamanin Kwame Nkrumah matattara ce ta 'yan gwagwarmayar baƙar fata. A nan ya haɗu da 'yan jam'iyyar UPC ta Kamaru, ya fara samun horon soja, ya kuma rubuta takardar da ke kira da a kafa ƙungiya guda ta 'yantar da ƙasa. Wannan rubutu ne mafi muhimmancin abin da ya bari. A ganinsa, maƙiyin talakan Chadi shi ne sabon salon mulkin mallaka da 'yan korensa na cikin gida, ba Kiristan kudu ba. Ra'ayi ne mai wuyar riƙewa a lokacin da Musulmin arewa ke kukan wariya.

Boren manoman Mangalmé da ke Chadi kan haraji a 1965 ya buɗe masa ƙofa. Ya ɗebi ɗalibai daga Alƙahira, wasu suka yi horo a Koriya ta Arewa. Ranar 22 ga Yuni 1966 aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta FROLINAT a Nyala ta Sudan, shi ne sakatare-janar na farko. Cikin buƙatunta har da rufe sansanonin sojan Faransa.

Bai zauna a ƙetare yana ba da umarni ba. Da kansa ya shiga dajin Chadi. Sojojin gwamnati suka kashe shi ranar 11 ga Fabrairu 1968. Abba Siddick ya karɓi ragamar ƙungiyar, amma ta dare gida-gida bisa ƙabila da yanki, abin da Abatcha ya yi ta gudu. Daga ɓangarorinta ne Goukouni Oueddei da Hissène Habré suka fito, waɗanda suka gwabza yaƙi a titunan N'Djamena a 1980.