BABI NA UKU: TARIHIN DAIDAITA ZAFI DA SANYI A MAGANIN GARGAJIYA NA YANKIN ZOBE

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin wata tsohuwar fahimta da masu maganin gargajiya na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi suke aiki da ita, wato cewa lafiya tana samuwa ne idan zafi da sanyi suka daidaita a jikin ɗan Adam. Za a kwatanta ta da takwararta ta ƙasar Sin, sannan a duba abin da ke faruwa idan aka wuce ƙima.

3.2 Asalin Fahimtar

A wurin Bahaushe sanyi cuta ne mai shiga jiki ya kwanta a gaɓoɓi ko mara, zafi kuma shi ake ɗora wa alhakin shawara da wasu cututtukan ciki. Saboda haka mai sanyi akan ba shi citta da kanumfari da masoro da kimba, mai zafi kuwa a jiƙa masa tsamiya. Zuwan Musulunci ya ƙarfafa wannan fahimta, domin littattafan ɗibbu na Larabci sun zo da bayanin ɗabi'u huɗu: zafi da sanyi da danshi da bushewa, kamar yadda Ibn Sina (ya rasu a 1037) ya tsara daga koyarwar Jalinus. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu a 1837) ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da wani a kan amfanin filasko wajen wanke ciki. Wall (1988), wanda ya yi bincikensa a ƙasar Malumfashi, ya nuna irin matsayin da sanyi yake da shi a tunanin mutanen karkarar Katsina. A yankin Zobe kuwa, kammala madatsar ruwa a kan kogin Karaduwa a 1983 ya ƙara yawan masunta da manoman rani masu wuni cikin ruwa, waɗanda a al'adance su ne aka fi tsorata wa kamuwa da sanyi.

3.3 Kwatanci da Ƙasar Sin

Wajen shekara ta 200 Miladiyya, likita Zhang Zhongjing ya bayyana wata cuta da ba ta tsaya a bayan jiki ba, ba ta kuma kai can ciki ba. Alamominta su ne zazzaɓi da rawar ɗari masu karɓa-karɓa, da ɗacin baki, da tashin zuciya. Ya hana a yi mata maganin sa gumi ko na gudawa, sai ya tsara haɗin itatuwa bakwai mai suna Xiao Chai Hu Tang, wanda ya gama masu sanyaya jiki da masu ɗumama shi, irin su citta. A 1732 Cheng Guopeng ya lissafa hanyoyin magani takwas, ya sanya daidaitawa a matsayin ɗaya daga cikinsu. Bambancin da ke akwai shi ne, Sinawa suna haɗa mai zafi da mai sanyi a tukunya guda, Bahaushe kuwa ya fi karkata ga korar cuta da kishiyarta.

3.4 Wankan Jego da Wuce Ƙima

Babu inda korar sanyi ta fi fitowa fili kamar wankan jego. Maijego takan yi aƙalla kwana 40 tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana shan kunun kanwa, a da har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya suka alaƙanta yawan ciwon zuciya ga masu jego da wannan al'ada: gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, tsananin zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Haka ma a Japan, an ba da rahoton mace-mace daga ciwon huhu a 1996 cikin masu ciwon hanta da suke shan wancan haɗi na Sin.

3.5 Naɗewa

An ga cewa daidaitawa tsohuwar manufa ce a al'ummomin biyu, kuma illa takan biyo baya ne idan aka saki ma'auni. Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Saboda haka ya kamata ungozomai da ma'aikatan asibiti na yankin Zobe su riƙa faɗakar da iyaye a kan rage kanwa da sassauta zafin ruwa, kuma a gaggauta kai maijego asibiti da zarar an ga kumburin ƙafa ko haki.