Gudun wuce ƙa'ida a kan moto: daga bakin hanya zuwa gaban alƙali

Gudun wuce ƙa'ida shi ne tuƙa abin hawa da saurin da ya zarce wanda doka ta ƙayyade wa wurin da ake tafiya. A Jamhuriyar Nijar, dokar da ke tsara zirga-zirga bisa hanyoyi ita ce doka mai lamba 2014-62 ta ranar 5 ga watan Nuwamba 2014. Wannan doka ta hau kan mai moto kamar yadda ta hau kan mai mota. Ɗan kabu-kabu, da malamin makaranta, da manomin da ya ɗauro buhun gero zuwa kasuwa, duk hukuncinsu ɗaya ne a wurinta.

A cikin gari ba a wuce kilomita 50 a awa. Allon gefen hanya yana iya rage wannan adadi. Allon faifai ne fari mai jan baki, da baƙar lamba a tsakiya. Idan ka ga 30 a cikinsa, ma'anarsa kada ka wuce kilomita 30 a awa. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, Ƙwanni, Maraɗi da Damagaram, tana ratsa garuruwa da ƙauyuka masu yawa. Da zarar ka wuce allon da ke ɗauke da sunan gari, ka shiga ƙa'idar cikin gari, ko da kwalta ta miƙe babu kowa a gabanka. Ban da haka, wajibi ne mai tuƙi ya daidaita gudunsa da halin da hanya take ciki: ranar kasuwa, lokacin tashin ƴan makaranta, ƙurar hunturu, ko garken dabbobi. Mutum yana iya zama mai laifi bai kai lambar da ke kan allo ba, idan gudunsa ya hana shi sarrafa motonsa.

Dalilin wannan ƙa'ida lissafi ne mai sauƙi. Mai tafiya kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda, mai tafiya 80 kuma yana cin mita 22. Kafin idonsa ya ga yaro, ƙafarsa ta kai ga birki, wannan tazara ta riga ta wuce. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin moto ya tsaya tana ninkawa sau huɗu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya.

Idan jami'i ya tsayar da kai

A cikin birane, galibi ƴan sanda ne ke kula da hanya. A wajen gari kuwa, jandarmomi ne. Idan aka ɗaga maka hannu, ka rage gudu, ka raɓe a hannun dama, ka kashe inji. Ƙin tsayawa laifi ne dabam, kuma ya fi na gudun nauyi. Mutane da yawa sun mai da ƙaramar magana babba a daidai wannan wuri.

Jami'i zai nemi takardu: lasisin tuƙi da ake kira parmi, da kartigiris mai nuna mamallakin moto, da takardar asiransi, da katin ɗan ƙasa. Zai kuma duba ko kana sanye da hular kwano. Kowace takarda da ta rasa, ko wadda wa'adinta ya ƙare, laifi ne da za a ƙara bisa na farko.

Daga nan sai a rubuta takardar bayanin laifi, wadda ake kira pebe. Ya kamata mai karatu ya fahimci nauyin wannan takarda, domin ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. A ƙananan laifuffukan hanya, alƙali yana ɗaukar abin da jami'i ya rubuta cewa ya gani da idonsa a matsayin gaskiya, har sai an kawo hujjar da ta rushe shi, ta hanyar rubutu ko shaidu. Rantsuwa da ɗaga murya ba sa rushe shi. Saboda haka kada ka sa hannu, kada kuma ka dangwala yatsa, sai ka san abin da ke ciki. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu da Faransanci ake rubuta akasarin takardun shari'a. Ka roƙa cikin ladabi a fassara maka. Ka duba abubuwan da kai ma kake iya karantawa: sunanka, kwanan wata, awa, wurin da abin ya faru, da lambar moto. Idan akwai abin da ba ka yarda da shi ba, ka nemi a rubuta maganarka a ciki kafin ka sa hannu.

Idan laifin na tara ne kawai, wato amanda, ka biya inda aka umurce ka, ka karɓi kitansi mai hatimi da adadin kuɗi a rubuce. Kuɗin da aka miƙa a dunƙule babu kitansi ba tara ba ce, cin hanci ne, kuma doka tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa. A ganina, ko ba don tsoron doka ba, ciniki ne na hasara: ka fitar da kuɗinka, amma ba ka da wata shaida a hannu idan maganar ta sake tasowa. Idan an riƙe takardunka, ko an kai moto furiyar, ka tambayi ofishin da za ka je da ranar zuwa, ka nemi ƴar takardar da ke nuna abin da aka karɓa.

Inda magana ke yin nauyi

Dokar Nijar ta kasa laifuffuka kashi uku: ƙarami, matsakaici da babba. Gudu kaɗai, ba tare da an taɓa kowa ba, yakan ƙare ne a kan tara. Amma idan gudun ya jawo rauni ko rasa rai, magana ta koma ji wa mutum ciwo ko kisa ba da gangan ba, kuma hukuncinsu yana iya kaiwa ga gidan kaso. A nan ne akasarin masu moto ke samun kansu a gaban alƙali.

Wanda ya buge mutum, wajibi ne ya tsaya ya taimaka. Tserewa laifi ne na musamman. Idan jama'a sun taru har kana tsoron ranka, ka nufi kwamisariya ko birgad ɗin jandarmomi mafi kusa, ka bayyana kanka da bakinka. Jami'ai za su zo su auna wurin, su zana yadda abin ya kasance. Likita kuma zai ba wanda ya ji rauni takarda mai nuna yawan kwanakin da zai yi bai iya aiki ba, kuma wannan adadi yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen auna girman laifin. Ana iya tsare ka domin bincike, sannan a miƙa ka ga mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato furokire. Shi ne zai yanke ko a rufe maganar, ko a sake ka har ranar shari'a, ko a gurfanar da kai nan da nan.

Akwai abin da ke ruɗa mutane. Bisa al'adarmu, dangi sukan je su yi jaje ko ta'aziyya, su biya kuɗin magani, iyalan wanda abin ya shafa su ce sun yafe. Wannan abu ne mai kyau, kuma alƙali yana iya la'akari da shi ya sassauta. Sai dai yafewar iyali ba ta kashe ƙarar gwamnati. Kada wani ya ce maka an gama magana a zauren mai unguwa, saboda haka ba sai ka je kotu ba.

Takardar sammaci da ranar shari'a

Takardar sammaci tana ɗauke da sunan kotu, da rana, da awa, da laifin da ake tuhumar ka da shi. Manyan kotuna suna Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙwanni da wasu manyan garuruwa, ƙananan kotuna kuma suna gundumomi. Ka tabbatar da wadda aka kira ka, ka rubuta ranar a inda ba za ka manta ba. Idan ba ka je ba, ana iya yanke maka hukunci a bayan idonka, ba a ji ta bakinka ba. Idan rashin lafiya ta hana ka, ka aika da takardar likita kafin ranar.

Kana da ƴancin ɗaukar lauya. Wata ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Amma yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, kuma ba kowa ke da halin biya ba. Domin haka aka kafa hukumar ANAJJ a 2011, mai ba da bayanin shari'a kyauta da kuma taimakon kariya ga marasa hali. Ka tambayi ofishinta a babbar kotun yankinku tun kafin ranar.

Ka je da wuri, da tufafi masu tsabta, da dukan takardunka: na moto, da kitansi, da shaidar kuɗin maganin da ka biya, tare da shaidunka idan kana da su. Ka kashe salula. Ƙararraki da yawa ake saurare a zama ɗaya, saboda haka ka shirya yin jira. Idan an kira sunanka, alƙali zai tabbatar da ko kai wane ne, ya karanta tuhuma, ya yi maka tambayoyi. Wanda ba ya jin Faransanci sosai yana da ƴancin tafinta, kuma babu abin kunya a nemansa. Gara ka yi bayani da harshen da ka mallaka, da ka amsa "i" ga abin da ba ka gane ba. Idan an kawo ka kai tsaye daga tsare, kana iya neman a ba ka lokaci ka shirya kariyarka.

Ka amsa abin da aka tambaye ka, a taƙaice, kana fuskantar alƙali. Kada ka yi cacar baki da jami'i ko da wanda ya ji rauni. Idan laifin naka ne, amsa shi da bayyana halinka na gaskiya, kamar cewa wannan ne karo na farko, ko moton nan ne abincin iyalinka, ya fi ƙirƙiro labarin da zanen jami'ai zai ƙaryata. Cewa agogon gudu ya lalace ba uzuri ba ne, domin gyaransa a wuyanka yake. Bayan mai gabatar da ƙara ya faɗi hukuncin da yake nema, kai ko lauyanka ne ke da magana ta ƙarshe.

Bayan hukunci

Alƙali yana iya wanke ka, ko ya ci ka tara, ko ya yanke ɗauri. Ɗaurin yana iya zama na talala: ba za ka shiga kaso ba, amma idan ka sake aikata laifi cikin wa'adin da doka ta sa, za a haɗa maka da na farko. Ana kuma iya dakatar da parminka. Tarar da aka ƙi biya tana iya jawo tsarewa. Idan ba ka gamsu ba, ka je wurin magatakardan kotu a ranar, ka tambaye shi ko hukuncin yana karɓar ɗaukaka ƙara. Wa'adin kwanaki ne ƙalilan, kuma idan ya wuce ƙofa ta rufe.

Tara dabam, diyyar wanda aka cuta dabam. Tara tana shiga baitulmalin gwamnati, daga aljihunka kuma za ta fito. Diyya ita ce aikin asiransi. Nijar tana cikin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, wadda kundinta ya wajabta wa kowane abin hawa mai inji asiransi domin ɓarnar da zai yi wa wasu. Ka sanar da kamfaninka haɗarin ba tare da jinkiri ba, cikin kwanaki 5 na aiki. Idan ba ka da parmi lokacin haɗarin, kamfanin zai biya wanda ya ji rauni, amma yana da damar dawowa ya bi ka kuɗinsa. Wanda kuwa ba shi da asiransi sam, diyyar gaba ɗaya a kansa take, kuma ana iya kama dukiyarsa domin a biya ta, har da moton da ke tsare a furiyar.