Rabe-raben Sulallan Afirka ta Yamma: Kundin Masana da Lissafin Kasuwa

Rarraba tsabar kuɗi iri-iri tsohon aiki ne. Joseph Eckhel na birnin Biyana shi ne ya kafa masa ƙa'ida a littafinsa mai juzu'i 8 da ya fito tsakanin 1792 da 1798, inda ya jera kuɗaɗen mutanen dā ƙasa-ƙasa. A 1972 Krause da Mishler suka fitar da kundin sulallan duniya a Amurka, wanda lambobinsa na KM suke tafe da kowane iri, har a kundayen intanet da masu tara sulalla ke amfani da su yanzu. A wannan tsari abubuwan da ke tabbatar da iri su ne hukumar da ta buga kuɗin, da darajarsa, da ƙarfensa, da zane da rubutun da ke fuskokinsa biyu. Shekarar bugu da alamar maƙera rassa ne kawai a ƙarƙashin irin.

Kuɗin Ingilishi na Afirka ta Yamma ya nuna amfanin wannan ƙa'ida. Aninin 1907 na goran ruwa ne, amma a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel, don haka kundi ya ɗauke su iri biyu, ko da yake huda da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci suna nan a kansu duka. A 1912, shekarar da aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, aka cire sunan Nijeriya daga rubutun, aka sami wani irin. Taro da sisi da sule da fataka na azurfa sun fito a 1913; da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka mai da su tagulla a 1920. Har Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin kuɗinsa su shiga hannun jama'a a Ingila, sunansa na kan kwabo da ɗari da anini na 1936. Amma harafin H na maƙerar Heaton, ko KN na King's Norton, duka a Bamingam, ba ya haifar da sabon iri.

Inda ƙa'idar ta fi wahala shi ne wajen riyalin Mariya Tariza. Sarauniyar ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba canji, a Biyana, daga baya kuma a Rum da Landan da Faris da Bombai. Watau shekarar da ke jikinsa ba ta gaya wa mai nazari kome game da lokacin bugunsa, sai ya dubi ƙananan bambance-bambancen zane da rubutun gefe. A ƙasar Hausa kuwa babu hukumar da ta fitar da shi, fatake ne suka kawo shi ta Sahara. Barth ya tarar ana canjinsa wuri 2,500 a Kano a 1851. Kundi zai ajiye shi a babin Ostiriya, alhali kuwa babban rabon tarihinsa a kasuwannin Afirka da Larabawa yake.

Wuri ya fi shi rashin gurbi. Masana sun raba kuɗin hukuma da ƙarfen madadi, wanda kamfani ko ɗan kasuwa ke bugawa don a karɓe shi a wani keɓaɓɓen wuri. Wuri bai shiga ko ɗaya ba, domin ba a buga shi ba, ba shi da rubutu ko shekara, saboda haka akan tura shi babin “kuɗin gargajiya” tare da munduwar tagulla ta kudancin Nijeriya. Wannan suna ya rage masa daraja, ganin cewa da shi aka karɓi haraji, aka yi lissafin zambar dubbai a Kasuwar Kurmi.

Har ila yau Bahaushe yana da nasa rabon, wanda daraja ce tushensa, ba ƙarfe ba. Sulen azurfa da na tagulla duk sule ne a bakinsa. Rabin kwabo ya ci sunan ɗari saboda wuri ɗari da ake musanya shi da su. Ahu, kwabo ɗaya da rabi, da nai, kwabo tara, sun zauna daram a ciniki, amma hukumar ba ta taɓa buga musu ƙwaya ba, don haka babu kundin da ya ba su lamba. Dala kuma, wadda ta samo suna daga riyalin can, ta zama sule biyu a Nijeriya, a Nijar kuwa faran biyar, kuma da ita ake ƙirga sefa har yau a Maraɗi da Damagaram.